Takalmin zamiya, kwale-kwale ko jan ciki: wanne ya dace da ƙaramin jirginka idan dusar ƙanƙara ta rufe fili?

Taya ba ta da wani amfani a cikin dusar ƙanƙara. Da zarar zurfin dusar ya kai rabin tayar ƙaramin jirgi mai rimot, labarin ɗaya ne: ka ba shi totur, ya ɗan matsa gaba, tayoyin su lume, hanci ya kafe, wutsiya ta ɗaga sama, farfela ta sari ƙasa. Wanda karatu ko aiki ya kai shi Kanada, ko Minnesota a Amurka, ko Finland, ko Rasha, yana iya shafe wata huɗu, daga Disamba zuwa Maris, bai ga ciyawar filin da ya saba tashin jirginsa ba. Da yawa sukan rataye jirgin a bango su jira bazara. Ni kuwa ina ganin asara ce, domin lokacin sanyi yana da nasa alherin. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi: a daidai tsayin teku, kubik mita ɗaya na iska yana da nauyin kilo 1.225 idan zafi yana digiri 15, amma idan ya sauka zuwa digiri 10 ƙasa da sifili sai ya kai wajen kilo 1.34. Wannan ƙarin na kusan kashi 10 cikin 100 yana sa fiffike ya fi ɗaukar jirgi, farfela ta fi cizon iska. Ga shi safiyar hunturu a can sau da yawa iska tana kwance luf, kuma tafkin da ya daskare fili ne da babu ƙungiyar da za ta iya sayen irinsa. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama na masu wannan wasa a Amurka da Kanada suke da al'adar fitowa tashi ranar 1 ga Janairu, ko da sanyi zai tsinke yatsu.

Hanyoyi uku ne mutum zai iya bi da hannunsa a gida. Ko ya cire tayoyi ya ɗaura takalman zamiya, ko ya ɗaura 'yan kwale-kwale irin na jirgin da ke sauka a ruwa, ko ya cire ƙafafun gaba ɗaya jirgin ya riƙa sauka da cikinsa. Kowacce tana da masoya masu rantsuwa da ita. Amma kafin ka ɗauki zarto, ka bar kallon jirgin tukuna, ka fita ka taka filin da za ka yi tashi, domin shi ne zai yanke hukunci.

Dusar ba iri ɗaya ba ce

Akwai sabuwar zuba, busasshiya, gari-gari, wadda ƙafarka za ta nutse har ƙwauri. Akwai wadda ta kwana biyu, rana ta narkar da samanta dare ya sake daskarar da shi, ta yi ɓawo mai tauri a sama alhali ƙasanta taushi ne. Akwai wadda iska ko motocin zamiya suka danne ta yi ƙarfi. Akwai jiƙaƙƙiya mai danƙo, wadda ake samu idan sanyi yana kusa da sifili. Sannan akwai tsurar ƙanƙarar tafki, sumul, babu komai a kanta. Abin da ya yi kyau a kan ɗaya yana iya zama masifa a kan ɗaya, kuma fili guda yana iya nuna maka iri uku cikin mako.

Lissafin da ke ƙarƙashin komai shi ne yawan nauyin da ke kan kowane ɗan yanki na abin da ya taɓa ƙasa. Raƙumi yana tafiya a kan rairayin da ƙafar jaki ke lumewa a ciki, ba don ya fi jaki rashin nauyi ba, sai don faɗin tafinsa. Ɗauki jirgi mai nauyin kilo 1.5. Idan ka yi masa takalma biyu, kowanne tsawon santimita 25 da faɗin 6, kowane murabba'in santimita zai ɗauki giram 5. Idan kwale-kwale biyu ne, tsawon santimita 70 da faɗin 8, nauyin ya koma giram ɗaya da ɗan wani abu. Ninki kusan huɗu ke nan tsakaninsu, kuma a kan sabuwar dusa wannan bambancin shi ne tsakanin tashi da haƙa rami.

Takalman zamiya

Su suka fi kyan gani, babu musu. Jirgi mai siffar Piper Cub, wani ƙaramin jirgin sama na gaske mai fiffike a sama, a kan takalma ya yi daidai da manyan 'yan uwansa da ke jigila a Alaska da arewacin Kanada, kuma layuka biyu da yake bari a bayansa kafin ya ɗaga suna cikin abin da ke sa mutum ya jure sanyin. Sun kuma fi kwale-kwale rashin nauyi da rashin tare iska, don haka jirgin yana tashi kusan yadda ka san shi a kan taya. Ana sayar da na kamfani, irin su Snowbird na Du-Bro, amma abu ne da za ka iya haɗawa da yamma ɗaya.

Kayan da aka fi yi da su huɗu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Siririn filawud shi ne zaɓina. Ka yanko falle biyu masu kaurin milimita 1.5, ka shafa musu gam a tsakani, ka danne su a kan wani katako da ka sassaƙa da lanƙwasar da kake so, ka bar su su kwana. Idan gam ya bushe, bakin takalmin ya riƙe lanƙwasarsa ke nan har abada, ya fi wanda aka jiƙa a tafasasshen ruwa aka tanƙwara, domin shi wannan yakan miƙe a hankali idan ya sha laima. Na biyu bututun roba na famfo: a tsaga shi a tsaye, a gasa shi da bindigar zafi har ya yi laushi, a matse shi tsakanin katako biyu ya baje, sannan a ɗaga bakin. Yana da santsi tun asali, ba ya shan ruwa, sai dai ya fi nauyi, kuma a yi gashin a waje, kada a bari ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. Na uku falon alminiyom, mai sauƙin lanƙwasawa, amma dusa tana son manne wa tsurar ƙarfe, kuma saukar farko mai ƙarfi za ta sauya masa siffa. Na huɗu shi ne bugawa da na'urar 3D. Idan ita za ka bi, cikin robobin da ake bugawa da su, PETG ya fi PLA jure duka; PLA da ma can mai saurin tsagewa ne, sanyi kuma ba ya ƙara masa haƙuri.

Yin takalmin ba shi ne aikin ba. Aikin yana wurin yadda zai zauna idan jirgi ya bar ƙasa, kuma a nan ne mafi yawan jiragen da suka faɗi da takalma suka gamu da ajalinsu.

Takalmi yana juyawa ne a kan sandar da taya take. Dole ya juya, musamman a jirgi mai ƙaramar taya a wutsiya, domin idan yana zaune a ƙasa hancinsa sama yake kallo, idan ya ɗauki gudu kuma wutsiya ta ɗaga ya miƙe, alhali takalmin a shimfiɗe yake a duka halin biyu. To amma abin da ke juyawa a ƙasa zai juya a sama ma. Idan bakin takalmi ya faɗo ƙasa jirgi yana cikin iska, iska za ta kama shi ta danne, ya zama birki a ƙarƙashin hanci. Idan duka biyun ne, jirgin zai riƙa sunkuyawa kana ja yana ƙi. Idan ɗaya ne kaɗai, ya fi muni: jirgin zai karkata gefe guda ba tare da ka san dalili ba, kuma ko ka lallaɓa shi har ƙasa, bakin nan zai soki dusa ya yi adungure.

Maganin da manyan jirage ke amfani da shi shi ne ya dace a kwaikwaya. Wurin juyawar ya kasance ɗan baya kaɗan da tsakiyar takalmin, yadda gaba zai fi baya tsawo. Daga bakin takalmi a ɗaura wani abu mai talewa zuwa jikin jirgi ko saman ƙafa, yana jan bakin sama. Daga bayan takalmi kuma a ɗaura igiyar da ba ta talewa, irin zaren kamun kifi mai kauri ko siririyar waya, wadda za ta tsayar da shi idan bakin ya ɗago daidai. Daidai ɗin nan shi ne digiri kaɗan sama da layin jikin jirgi, uku zuwa biyar sun isa. Ka ɗaga jirgin a hannu ka miƙar da shi yadda yake tafiya a sama, ka duba ta gefe: bakunan biyu su kalli sama kaɗan, kuma su zama daidai da juna. Wanda ya fi taka-tsantsan yakan ƙara wata igiya sako-sako a gaba, kusa da mai talewar, don idan ta tsinke bakin kada ya wuce wani iyaka.

Robar ɗaure kuɗi ita kowa ke fara sawa, kuma ita ce ke fara cin amana. A ɗaki tana talewa lafiya lau. A digiri 15 ƙasa da sifili sai ta sandare, ta daina komawa, wani lokaci ta tsinke. Ƙaramin sifirin na ƙarfe ya fi ta, ko guntun bututun silikon irin na man jirgi, wanda ba ya sandarewa da wuri. Wasu kuma sukan naɗe siririyar wayar ƙarfe a kan sandar tayar ta zama sifirin mai murɗawa, a ɗaure kanta da kwala, wato ɗan zoben ƙarfe mai sukuru. Wannan ya fi tsabta, babu igiyoyi suna reto, amma idan sukurun nan ya saki ko kaɗan, takalmin ya juya ke nan. A feƙe wurin da sukurun zai zauna ya zama shafaffe, a ɗiga masa maganin hana kwancewa.

Ƙasan takalmi yana son santsi. Manyan jirage ana lulluɓe nasu da wata roba mai suna UHMW. Kai faffaɗan salatif na ɗaure kwali ya ishe ka, ko ka goga kyandir ka bi shi da tsumma. Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko kwabo: kada ka fito da jirgi daga mota mai ɗumi ka dire shi kai tsaye a kan dusa. Ɗumin takalmin zai narkar da abin da ya taɓa, ruwan ya sake daskarewa a jikinsa, ka wayi gari da ƙasan takalmi mai kaushi wanda ba zai zame ba ko ka ba shi totur duka. Ka ɗora shi a kan bayan mota ko tebur na minti goma ya huce tukuna.

Inda takalma suka yi fice shi ne dannanniyar dusa da tafkin da ke da ɗan lulluɓi a kai. Inda suke kasawa kuma wuri biyu ne. Na farko sabuwar dusa mai zurfi, sai dai idan ka yi su manya ƙwarai, wanda kuma zai cinye ribar rashin nauyin da ta sa ka zaɓe su. Na biyu sawun ƙafa. Ramin da takalminka na ɗan Adam ya bari ya isa ya haɗiye takalmin jirgi ɗungurungum, don haka ka ware hanyar tashi ka riƙa zagaye ta, kuma ka roƙi abokan tafiya su yi haka. A kan tsurar ƙanƙara wata matsala ce daban: babu birki, babu riƙo, ƙarfin juyin farfela yana jan hanci hagu, iska kaɗan ta gefe sai jirgi ya riƙa tafiya a karkace. Siririn tsinke na roba ko waya da aka manna a tsaye a ƙarƙashin kowane takalmi yana rage wannan. Jirgi mai taya a hanci yana buƙatar takalmi na uku, kuma shi ne ya fi saurin nutsewa. Mai taya a wutsiya ya fi sauƙin sha'ani, ɗan guntun roba da aka yanko daga murfin mazubi ya isa wutsiyar.

'Yan kwale-kwale

Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce musu abin sauka a ruwa ya fi takalmin dusa aiki a kan dusa, amma a kan sabuwar zuba haka abin yake, kuma lissafin da muka yi a sama ya nuna dalili. Tsawonsu ma yana taimako: kwale-kwale yana haye sawun ƙafa da ƙananan kwari ba tare da ya ji ba, kuma da yake bakinsa ya wuce farfela, da wuya jirgi ya kifa ta gaba. Babu abin da ke juyawa, babu roba, babu igiya. Abin da ka ɗaure a gida shi za ka tarar a sama.

Ana sassaƙa su ne daga soson gini mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, wanda ake sa wa bango don tare sanyi; a ƙasashen nan kowane shagon kayan gini yana da shi, kuma guntun da magina suka yar ya isa jirgi biyu. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ita ce tsawon kwale-kwale ya kai kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tsawon jikin jirgi, tazarar da ke tsakanin biyun ta kai kusan rubu'in faɗin fikafikai, 'yar matakalar da ake yankawa a ƙarƙashin kwale-kwale don ya saki ruwa kuma ta zauna daidai cibiyar nauyin jirgi ko ɗan baya kaɗan. Fiffike ya ɗan fi saman kwale-kwalen kallon sama da digiri biyu ko uku, in ba haka ba jirgin zai yi ta gudu ya ƙi ɗagawa. A binne siririn katako a tsawon bayansa don ƙarfi da kuma wurin ɗaure ƙafafu. Idan dusa kaɗai ka nufa, shafaffen ƙasa ya fi mai tsini zamewa. Idan kana son su yi maka aiki a tafki da bazara, ka yi matakalar yadda ya kamata tun yanzu, ka huta yin aiki biyu.

Soso tsirara ba ya jure ɓawon ƙanƙara, zai kankare shi cikin sauka kaɗan. A lulluɓe ƙasan da salatif mai zare, ko siririn ƙyallen gilas da banish mai haɗin ruwa. A kula: sufa-gulu na yau da kullum, da yawancin fentin feshi, da ruwan gam na gyaran jikin mota, duk suna narkar da irin wannan soso. A gwada a guntu tukuna. Idan kuma kwale-kwalen na kamfani ne mai ɗan sitiyarin ruwa a baya, irin wanda ke zuwa da jirgin Timber na E-flite, a cire sitiyarin ko a ɗage shi, dusa za ta karya shi.

Kuɗin da ake biya a sama ake biyansa. Kwale-kwale suna da nauyi, suna tare iska, kuma wannan yana zuwa ne daidai lokacin da batir ya fi rauni. Jirgin da injinsa da ƙyar yake ɗaukarsa a kan taya ba zai ji daɗinsu ba. Nauyin da ke reto a ƙasa yana sa juyi ya yi nawa. Sannan faɗin gefensu da ke gaban cibiyar nauyi yana rage wa wutsiya iko, sai ka ga jirgin yana kaɗa hanci hagu da dama a kwana. Ƙaramin fiffike a tsaye a ƙarƙashin wutsiya yana gyara wannan, kamar yadda ake yi wa manyan jiragen ruwa-da-sama. A kan ƙanƙara mai tauri kuwa babu abin da ke shanye duka, duk girgizar sauka tana wucewa kai tsaye zuwa inda ƙafafu suka kama jiki. Ka ƙarfafa wurin da filawud tun kafin ya nuna maka.

Jan ciki

Hanya ta uku kusan ba gyara ba ce, ragi ne. Ka kwance ƙafafu, ka manna salatif mai kauri daga hanci zuwa tsakiyar ciki, ka toshe duk ramin da ke ƙasa, ka jefa jirgin da hannu, ya dawo ya zame a kan cikinsa. Nauyi ya ragu, iska ba ta da abin kamawa, batir ya ƙara daɗewa. Kuma babu saukar da ta kai ta sabuwar dusa taushi ga mai koyo.

Sai dai ba kowane jirgi ke yarda ba. Masu inji a bayan fiffike, irin su EasyStar na Multiplex da Bixler, da jirage masu siffar kwale-kwale waɗanda injinsu ke ɗare a sama, kamar don haka aka yi su. Na ƙarshen ma suna iya tashi da kansu daga kan dusa ba sai an jefa ba. Mai farfela a hanci kuwa sai an sa masa farfela mai naɗewa, ko a kunna birkin ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji, a kuma kashe totur kafin ya taɓa ƙasa, kuma duk da haka injin zai cika da dusa a kowace sauka. Mai fiffike a ƙasa kada ma a fara: sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa sassan tuƙi, da ƙahonnin da suke ja a ƙarƙashin fiffike za su kama ɓawo su karye. Jifa da hannu cikin jibgegiyar riga, ƙafa a kan santsi, rimot a ɗaya hannun, shi ma ba wasa ba ne, kuma farfelar baya tana wucewa ne daidai inda yatsunka suke. Ka jefa tukuna, sannan ka ba shi wuta.

Masu gina jirgi da allon soso mai takarda a bayansa, irin salon da Flite Test, masu koyar da ginin ƙananan jirage a intanet, suka yaɗa, su sani takardar nan tana ɓarewa da zarar ta jiƙe, kuma ƙarfin allon a jikinta yake. A shafe ta da banish mai haɗin mai, a goge rarar nan take. Mai haɗin ruwa shi da kansa zai tayar da takardar.

To wanne za ka ɗauka?

Idan wannan ne hunturunka na farko, ko har yanzu saukarka ba ta nuna ba, ka bi jan ciki da jirgi mai inji a sama. Babu abin da za ka gina, babu abin da zai lalace a sama, kuma za ka koyi abin da sanyi ke yi wa batir da yatsu ba tare da ƙarin damuwa ba. Idan filinka gona ce ko filin ƙwallo da babu mai share shi, dusa tana taruwa a kai mako bayan mako, kuma injinka yana da rarar ƙarfi, kwale-kwale. Idan tafki ne da iska ke sharewa, ko ƙungiyarku tana danne hanyar tashi, kuma kana son jirgin ya riƙa wasa a sama yadda ya saba, takalma. Wanda filinsa ake kankare shi har kusan ƙasa ma bai buƙatar ko ɗaya, manyan tayoyi masu taushi sun wadatar.

Da za a ce abu ɗaya tak zan gina wa jirgi mai fiffike a sama, kwale-kwale zan gina. Ba su ne mafi daɗin tuƙi ba, amma suna aiki a kan iri huɗu cikin biyar na dusar da na lissafa, ba sa buƙatar a duba su kafin kowane tashi, kuma idan ƙanƙara ta narke ba a jefa su a kwali. A kan jiƙaƙƙiyar dusa mai danƙo kuwa duka ukun wahala suke sha. Ranar nan kyandir da haƙuri ne kawai, ko ka jefa da hannu.

Abin da ba ruwansa da zaɓinka

Batirin LiPo ya fi kashe jirage a hunturu fiye da kowane takalmi. Sanyi yana rage saurin aikin sinadaran da ke cikinsa, sai ƙarfin wuta ya faɗi da zarar ka buɗe totur, ESC ya ɗauka batir ya ƙare ya yanke inji, alhali ka cika shi har bolt 4.2 a kowace ƙwayar da ke cikinsa. Ka riƙe batura a aljihun ciki, bakin wayarsu a rufe, nesa da makulli da tsabar kuɗi, ko a cikin ƙaramar kula da gorar ruwan ɗumi a naɗe da tawul. Kada ka sa shi a jirgi sai ka shirya tashi. Da ya fara aiki zai ɗumama kansa, don haka ka toshe wani ɓangare na ramukan shan iska da salatif, amma ba duka ba, ESC yana son numfashi. Ka rage lokacin tashi da kashi ɗaya cikin uku a karon farko, ka auna abin da ya rage, sannan ka ƙara. Kuma kada ka taɓa cajin batirin da sanyinsa ya kai sifili ko ƙasa. Yin haka yana lalata shi ta ciki, lalacewar da ba ta gyaruwa kuma tana iya kai ga gobara daga baya.

Dusa ba ta cutar da lantarki sai ta narke, kuma ESC mai zafi shi ne ke narkar da ita. A shafa wa allunan lantarki ruwan kariya na silikon, ko wani abu irin CorrosionX, a toshe bakunan rigar ESC inda wayoyi ke fita. Risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, a cusa ta cikin balan-balan a ɗaure bakin. Idan akwai na'urar auna tsayi a jirgin, kada maganin ya shiga ɗan raminta.

Gam ɗin kyandir da ake narkarwa da bindiga yana ƙeƙashewa a sanyi ya saki. Wurin ɗaure ƙafa da inji a yi shi da Araldite ko makamancinsa. Farfelar roba ma takan yi saurin karyewa, ka zo da biyu ko uku. Jikin soso yana tsukewa fiye da sandunan ƙarfe ko kabon da ke tura wutsiya, shi ya sa jirgin da ya miƙe sak a watan Agusta zai iya fara hawa ko sunkuyawa da kansa a Janairu. Bayan ya huce a waje, ka duba ko komai yana tsakiya. Masu injin mai na metanol kuma su san tayar da shi zai yi wuya, kuma iska mai nauyi tana son a ɗan ƙara buɗe allurar mai.

Farin jirgi a kan farin fili ƙarƙashin farin gajimare ɓacewa yake yi kana kallonsa. Ka manna masa ruwan lemo mai ƙyalli a sama, baƙi ko ja mai duhu a ƙasa. Ranar da babu rana, ido ba ya gane nisan ƙasa, sai mutum ya sauke jirgi a inda yake zaton saura mita ɗaya. Ka shimfiɗa wani abu mai launi a gefen hanyar sauka ya zama ma'auni. Yatsu kuwa, safar hannu mai kauri tana kashe jin sanda. Jakar da ake zura rimot da hannaye biyu a ciki ta fi, kuma ana iya ɗinka ta daga tsohuwar rigar sanyi da guntun leda mai haske a sama.

Akwai batun doka da gyaran nan ke iya jawowa ba ka lura ba. A Kanada tun 1 ga Yunin 2019, jirgin da ya kai giram 250 sai an yi masa rajista da Transport Canada, mai tuƙa shi kuma ya ci jarrabawa. Dokar ta kuma hana tashi idan ƙanƙara ko dusa na manne a jikin jirgin. A Amurka ma giram 250 ne iyakar rajista da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ga jarrabawar TRUST ga masu tashi don nishaɗi. Jirgin da ke giram 235 a kan taya yana iya tsallake layin da kwale-kwale biyu, don haka a ɗora shi a sikeli bayan an gama. Ɗalibanmu da ke Rasha su yi hattara ƙwarai: can rajista daga giram 150 take farawa, kuma tun 2022 yankuna da dama sun hana tashin irin waɗannan na'urori gaba ɗaya.

Idan tafki za ka hau, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota tana cewa sai sabuwar ƙanƙara garai-garai ta kai kaurin inci 4, wato santimita 10, kafin mutum ya taka, kuma idan fara ce mai haɗe da dusa a ninka. Red Cross ta Kanada ta ce santimita 15. Ka tambayi masu kamun kifi na wurin, ka guji bakin rafi da kusa da gada, kuma idan jirgi ya faɗi inda ba ka tabbatar da ƙanƙarar ba, ka bar shi.

Idan an tashi, a kakkaɓe dusar da burushi tun a waje, a cire batir. Jirgi mai sanyi da ya shiga ɗaki mai ɗumi gumi yake yi ciki da waje, har cikin rimot, don haka a sa rimot ɗin a jakarsa a rufe ya ɗumama a hankali. Jirgin kuma a buɗe duk murafansa a jingine shi hanci ƙasa ya kwana, a ɗiga ɗan mai a boris ɗin inji saboda tsatsa, kuma kada a sake haɗa masa wuta sai an tabbatar ya bushe.